An tura ni Chadi aikin bishara: in ci a gidan fasto ko in riƙa girka nawa?

Ɗan Malumfashi: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Na gama makarantar Littafi Mai Tsarki, an tura ni wani ƙauye kusa da Mongo a Chadi, shekara 2. Faston wurin ya ce in zaɓa: in zauna gidansa mu ci tare, ko a ba ni ɗaki kusa da majami'a in riƙa girki. Ina da gyambon ciki, yaji da jinkirin ci suna tayar mini da shi. Ran Juma'a zan ba da amsa.

Tsohon Mai Bishara: Ɗana, zauna gidan fasto. A bakin akushi ake koyon Larabcin Chadi, Faransancin makaranta ba zai kai ka ko'ina a ƙauye ba. Ana tashi da asuba a yi addu'a, a sha shayi, sai ziyara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, don haka ka gama yawo kafin ƙarfe 11, ka sake fita da la'asar. Babban abinci shi ne esh, tuwon gero ko dawa, da miyar kuɓewa da suke kira daraba, wani lokaci da sharmut, wato busasshen nama da ake dakawa a zuba. Gidaje da yawa sau ɗaya ake tuƙa shi a wuni. Maza na ci a faranti ɗaya, ka ci daga gabanka.

Mama Zumunta: Ka tafi da daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli da yaji kamar mudu biyu. Ka shanya daddawar ta bushe ƙayau, ka zuba a gwangwani mai murfi, in ka bar ta a leda damina na shiga za ta yi fumfuna.

Ɗan Kwaya: Mama, yaro ya ce gyambo, kin auna masa yaji mudu biyu. So kike ya riƙa wa'azi a durƙushe?

Ma'aji: In za ka girka, jaka 25 ta sefa, wato sefa dubu 25, ta ishe ka a wata. Ka sayi gero da koro, wato kwanon awonsu, lokacin kaka ka ajiye. Ka kula da lissafinsu: da riyal suke kiran kuɗi, riyal ɗaya sefa 5 ne, kamar dala a Nijar. In mai kaya ta ce miya, wato ɗari, sefa 500 take nufi. Kuma sefar Nijar ba ta ciniki a can, irin ta Kamaru suke kashewa.

Mai Zuwa Injamena: Jaka 25? Baba Ma'aji, ƙasa da 45 ba ta yi. Ruwa saye, gas saye, kuma tun 2009 gwamnati ta hana gawayi.

Ma'aji: Kai farashin birni kake faɗa. Yaron nan ƙauye za shi, rijiya da kara zai yi amfani da su.

Yayan Ɗan Mishan: Duk wannan lissafi sai kuɗi ya iso hannu. Ƙanena gidan fasto ya zauna a wata ƙasar. An yi magana zai riƙa ba da nasa kason duk wata, sai kuɗin tallafi ya tsaya wata 4. Gidan mutum 9, hatsi ya ƙare a Yuli kafin sabo ya nuna. Ba wanda ya ce masa uffan, amma ya ga ana rage wa yara tuwo don a cika masa. Kunya ta sa ya riƙa cewa azumi yake yi. Ya rame, ya koma shan ruwan tafki ba dafawa, taifod ta kwantar da shi, da kuɗin da muka haɗa a gida aka dawo da shi. Har yau babu wanda ya zo daga wajen waɗanda suka aike shi ya ce sannu. In za ka zauna gidan mutane, ka shiga da buhun gero naka ranar farko, ka damƙa wa maman gida, ka riƙe kuɗin wata 3 da ba ka taɓawa.

Tsohon Mai Bishara: Abin da ya faru ba daɗi, amma kada a tsorata yaro. Wanda bai taɓa kwana a filin bishara ba ya bar waɗanda suka sani su yi magana.

Yayan Ɗan Mishan: Baba, da girmamawa, wanda ya biya kuɗin asibiti ma ya san wani abu.

Nas: Ba wanda ya amsa maganar gyambon. Ƙanena, kafin ka tafi a gwada ka ko akwai ƙwayar cutar da ke haddasa shi, in akwai ka sha maganin har ƙarshe. Ka guji ibuprofen, diclofenac da asfirin. Shayinsu mai ƙarfi ne, kada ka sha shi ciki ba komai. Ko ina ka zauna, ka mallaki ɗan risho da garin kunu don safe da dare. Ruwan sha ya tafasa sosai na minti ɗaya. In gudawa ta kama ka: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Gidan sauro kuma dole ne.

Ɗan Malumfashi: Na gode Anti. To in ci rana a gidan fasto, safe da dare nawa, ba zai zama raini ba?

Ma'aji: Maganar tallafi da aka taso, laifin ba na ofishin mishan kaɗai ba ne. Ikilisiyoyi kan yi alkawari ranar baikon mishan, wata biyu su manta. Kuma a naira ake yanka albashin, naira na faɗuwa sefar da ke isa hannun yaro ta ragu.

Mama Zumunta: To me ya hana a yanka shi a sefa tun farko? Mu zumuntar mata ba mu taɓa fashin namu ba, a gaya mana inda yake maƙalewa.