Ƙaiƙayin gaba da ya ƙi jin magani: abin da aka tattauna

'Yan'uwa mata da ma'aikatan lafiya na Kaduna, ga abin da na tsinta daga bayananku a tattaunawar da aka yi kan yadda za a magance ƙaiƙayin gaba da ya ƙi jin magani.

1. Kowa ya yarda a fara da gwajin ruwan gaba a asibiti. Ba kowane "sanyi" ne kandida (ƙwayar cuta mai jawo ƙaiƙayin gaba) ba, kuma wasu nau'o'inta, kamar Candida krusei, tun asali ba sa jin fluconazole, maganin da aka saba bayarwa don kandida. A auna suga ma, domin yawansa a jini na iya dawo da ciwon.

2. Sinadarin borik asid ya fi samun goyon baya: kafso ɗaya na miligiram 600, a saka a gaba kowane dare, kwana 14 zuwa 21, bisa umarnin likita. Guba ne idan aka haɗiye shi, don Allah a ɓoye wa yara. Mai ciki kada ta kusance shi.

3. Tafarnuwa da kanumfari nan aka rabu. Masu goyon baya sun ce sinadaransu na kashe kandida a ɗakin gwaji, kuma haka ne. Amma ungozomomi sun ce ɗanyen tafarnuwa na ƙone fatar cikin gaba, wurin ya yi jajawur ya kumbura. Ni dai ina tare da ungozomomin.

4. Zama a ruwan bagaruwa na rage ƙaiƙayi a cewar wasu, sai dai yana busar da wurin. Wanke cikin gaba da sabulu ko alif kuwa yana kashe ƙwayoyin da ke kare gaban.

5. Kamfai na auduga, a shanya shi a rana, musamman da damina. Zazzaɓi ko ciwon mara, asibiti nan take.