Takardar "kada a danna mata ƙirji": wa ya taɓa gamuwa da ita a gida?

Ɗan Fagge a Manchesta:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah 'yan Ingila ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Surukata shekarunta 84, ga ciwon zuciya ga na ƙoda, satin da ya wuce likitan unguwarmu ya zo har gida ya zauna da ita ya cike wani fom mai launin shunayya, ReSPECT sunansa, a ciki ya rubuta idan zuciyarta ta tsaya kada 'yan ambulan su yi ƙoƙarin tada ta. Hajiya da bakinta ta ce ta yarda, wai ta gaji da allurai. Amma madam tun ranar ba ta runtsa ba, cewa take kamar mun sa hannu a bar uwarta ta mutu. Ni kuma na rasa me zan ce mata.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni aikin dare nake a gidan tsofaffi, bari in ba ka nawa. Akwai wani tsoho ya haura casa'in, duk mun san yana da fom ɗin, amma da aka kai shi asibiti aka dawo da shi ba wanda ya duba ko takardar ta dawo. Wajen uku na dare na shiga na same shi ba numfashi, na buɗe fayil wayam. Na kira 999, matar ta ce tunda ba takarda a hannuna in sauke shi ƙasa in fara. Yaya, wlh abin ba kamar na fim ba ne, sai ka danna ƙirji ya shiga santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kuma mutumin nan duk ya rame, ina dannawa na ji haƙarƙarinsa ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. 'Yan ambulan suka iso suka yanke rigar barcinsa da almakashi suka liƙa masa na'ura suka ci gaba, su ma ba laifinsu ba ne, in ba su ga takarda ba dole su fara. Bai dawo ba. Washegari aka ga fom ɗin a aljihun jakar da ya je asibiti da ita. Ka gaya wa madam a ƙasar nan ko mutum 1 cikin 10 ba ya rayuwa in zuciya ta tsaya a wajen asibiti, balle tsohuwa mai ciwo biyu.

Baban Sadiq:
Ni fa ban cika sakin jiki da takardun nan ba. Lokacin korona a 2020 maƙwabcina wani dattijo ɗan Somaliya sai a takardun sallama daga asibiti 'ya'yansa suka ga an saka masa umarnin kada a danna masa ƙirji, ba wanda ya yi musu magana, shi kuma Turancinsa kaɗan ne. Kuma ba shi kaɗai ba, har hukumar CQC mai sa ido kan asibitoci da gidajen tsofaffi ta fitar da rahoto a kai a 2021. Tun 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a shari'ar Janet Tracey cewa sai an tuntuɓi mara lafiya kafin a saka masa irin wannan umarni, sai dai in tuntuɓar za ta cutar da shi. Naku dai tunda an zauna da ita da sauƙi, amma ku karanta sauran fom ɗin sosai.

Maman Biyu:
Gaskiya ne wannan. Kuma fom ɗin ba yana nufin a daina kula da ita ba fa, in ta faɗi ko numfashi ya yi mata wuya ku kira, za su zo su ba ta iska da magani har su kai ta asibiti. Danna ƙirjin kawai aka cire.

Na Jidda:
Ta ɓangaren addini, lokacin jinyar babanmu a nan likita ya nuna mana fatawar Lajnatud Da'ima, kwamitin fatawa na Saudiyya, mai lamba 12086 ta shekarar 1409 Hijira, cewa idan likitoci uku ƙwararru amintattu suka ga farfaɗowar ba za ta yi amfani ba to babu buƙatar a yi. Ita ta kwantar wa yayarmu hankali, da kuka take tana cewa mun yanke ƙauna. Amma ku samu malamin da madam ta yarda da shi.

Uwargida a Bamingam:
Namu a gida ya rasu, mahaifin maigidana, kansa ce. Muna da irin 'yar robar nan ta ƙungiyar agaji ta Lions da ake sakawa a firiji da bayanin inda takarda take, da sitika mai koren kuros a bayan ƙofa. Kuskurenmu ɗaya, ba mu gaya wa ƙanin maigida ba don kada ransa ya ɓaci. Ranar da abin ya zo shi ne a ɗakin, ya kira 999 a gigice, suka zo na miƙa musu fom suka duba suna da kwanan wata da sa hannun likita suka tsaya, sai ga shi yana ihu ku yi wani abu mana, me kuke jira, har yana riƙe rigar ɗaya daga cikinsu. Wata mata cikin 'yan ambulan ɗin ta durƙusa ta yi masa bayani a hankali, amma ya fi wata ba ya gaishe ni. Abin da na gode wa Allah, Baba na kan gadonsa ana masa kalmar shahada, kuma da yake an san rasuwar na tafe ba a tsaya dogon bincike ba, muka samu aka yi jana'iza da wuri.

Ɗalibin Lauya:
Ƙarin bayani kaɗan, na yi wa kawuna. Fom ɗin likita shawara ce ga ma'aikata. Wadda doka ta ɗaure ita ce takardar ƙin karɓar magani da mutum ya rubuta da kansa ƙarƙashin dokar Mental Capacity Act ta 2005 ta Ingila da Wales, ya sa hannu gaban shaida, ya faɗa ƙarara cewa ko da ransa na cikin haɗari.

Malam na Kurna:
Ikon Allah. Mu nan motar maƙwabci ce ambulan ɗinmu ko Adaidaita. Allah ya sa mu cika da imani.

Ɗan Fagge a Manchesta:
Amin Malam. Na gode ƙwarai jama'a. Yanzu na tashi na duba, ashe madam ta ɓoye fom ɗin a ƙasan akwatin zannuwa, na ciro shi. Yayanta na Landan ma bai sani ba, gobe bayan Juma'a zan kira shi. Uwargida, robar firijin nan a kemis ake samu ko wajen likita?