Ina zan kai 'yan aji biyu su ga yadda Kanawan dā suka rayu?

Malamar Tarihi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a nan Kano. Yarana sun haddace sunayen sarakuna tun daga Bagauda har Rumfa, amma da na tambaye su me talaka yake ci a zamanin Rumfa, da me yake sayayya a kasuwa, sai ajin ya yi tsit. Shugaban makaranta ya ba mu bas ɗaya, daga safe zuwa azahar. Ni Gidan Makama, wato gidan tarihi, kawai na yi niyya. Ya wadatar, ko in ƙara wani wurin?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da Dutsen Dala da sanyin safiya, kafin rana ta buɗe. Labarin Barbushe da Tsumburbura sun sha jin sa, kada ki ɓata lokaci a kansa. Idan kun hau, ki sa su dubi gari, ki nuna musu inda ganuwa ta bi. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Sai ki tambaye su: me ya sa aka zagaye fili mai faɗi haka, alhali gidaje ba su cika shi ba a lokacin? Amsar ita ce gonaki. In maƙiya sun yi wa gari ƙawanya, a ciki ake noma, a ciki ake kiwo. Kududdufan cikin birni ma da yawansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Yaron da ya gano wannan da kansa ba zai manta ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
Malama, in rayuwa kike so su gani, ki kawo su marinar Ƙofar Mata. A gidan tarihi kaya suna bayan gilashi, a nan kuwa sana'ar tana numfashi. Mutanenmu suna cewa tun 1498 ake rini a wurin, wato ƙarshen zamanin Rumfa. Ganyen baba ne da toka da ruwa, a bar su kwanaki su jiƙu a rami. Abin da ke ba yara mamaki shi ne fitowar ƙyalle: yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi a gaban idonsu. Su dubi hannun masu rinin, su shaƙi warin, su ji ƙarar mabuga. Amma a riƙe su sosai, ramukan suna da zurfi kuma bakinsu daidai yake da ƙasa. A kuma tanadi ɗan alheri ga dattawan, aikinsu za a tsayar.

Malam na Gwale:
Ni dai ina ganin wuri uku kafin azahar haɗama ce. Da cunkoson cikin gari da ƙirga yara duk lokacin shiga mota, rabin ranar ya tafi. Baba Hedimasta ya yi haƙuri, hawan Dala da yara masu yawa sai da malamai aƙalla uku.

Gidan Makama kuma kada a raina shi. Ginin ƙarni na 15 ne, an danganta shi da Rumfa tun yana Makama. Sai dai kayan ciki da yawa na baya-bayan nan ne, na zamanin jihadi da zuwan Turawa a 1903, sai kin riƙa bambance musu. Ki ce su ɗaga kai su ga azara, su taɓa kaurin bango, su faɗa miki dalilin da ya sa ɗakin yake da sanyi babu fanka. Zancen sayayya kuwa, kada a ce musu kuɗin wuri ake kashewa a kasuwar Kurmi lokacin da Rumfa ya kafa ta. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa wuri ya shigo, bayan 1700. Ki rubuta takarda tun da wuri don a tanadar muku mai zagayawa da ku, kuma ki kauce wa Juma'a.

Malamar Tarihi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki Gidan Makama da marina, Dala kuma sai zango mai zuwa in na samu malaman rakiya. Baba, a gafarce ni. Ɗan Ƙofar Mata, da misalin ƙarfe nawa suke fara tsoma kaya? Ba na so mu je mu tarar da ramuka a rufe.