"Na manta kalmar sirri": a ina kuka yi tuntuɓe?

Sabon_Hannu: Jama'a, an ɗora mini gina sashen sake saita kalmar sirri a manhajarmu. Waɗanda kuka riga ni, don Allah ku faɗa mini inda abin ya taɓa cizon ku.

Tsohon_Hannu: Ƙanena, nawa abin kunya ne. Tokin, wato lambar shaida da ke cikin mahaɗin da muke turawa ta imel, lambar asusu da lokacin nema na haɗa na yi musu MD5 (tsohuwar hanyar dagula bayanai), ina ganin na ƙure wayo. Wani yaro da ke koyon aiki a wurinmu ya zauna yamma ɗaya, ya ƙirƙiro tokin asusuna, ya shiga ina tsaye a bayansa. Tun ranar, secrets.token_urlsafe(32) na Python, mai fitar da tokin da ba a iya hasashensa, nake amfani da shi, kuma SHA-256 ɗinsa (dagulallen siffarsa da ba a iya warwarewa) kaɗai nake ajiyewa a rumbun bayanai. Ko an kwashe rumbun, babu mahaɗin da zai buɗu.

Mai_Gwaji: Mu shafinmu ne ya cika surutu. Ka sa imel, ya ce "babu wannan asusun". Ashe wani na ta zuba dubban adireshi yana tace waɗanda ke da rajista. Muka mayar da amsar iri ɗaya ga kowa, amma Malam, sai agogo ya tona mu: mai asusu yakan ɗan jira a tura imel, marar asusu amsa nan take. Sai da muka mayar da turawar bayan fage.

Uwar_Saba: Ku duba wa'adi. Cikin kayan gina manhajar yanar gizo, Django kwana 3 yake ba mahaɗi idan ba ka taɓa PASSWORD_RESET_TIMEOUT ba, Laravel minti 60. Ni na rage zuwa minti 30. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa: wata baiwar Allah ta canza kalmar sirrinta bayan kutse, ɓarawon yana ciki bai ko motsa ba, don ba mu kori sauran na'urorin da ke shige ba.

Sabon_Hannu: Yaya, to idan na sa mahaɗin ya mutu da zarar an danna fa?

Uwar_Saba: Kada ka soma. Na yi, mutane suka yi ta kukan mahaɗi ya mutu kafin su buɗe. Manhajojin tace imel na kamfanoni ne ke riga su dannawa. Ka kashe tokin lokacin da aka aika sabuwar kalmar, ba lokacin buɗe shafin ba.

Mai_Gwaji: In kuma lamba mai alƙaluma 6 za ka tura ta waya, zaɓi miliyan 1 ne kacal. Mu kuskure 5, lambar ta ƙone.

Sabon_Hannu: Tambayar "sunan makarantarka ta farko" fa? Shugabana ya nace.

Tsohon_Hannu: Ka tuna masa da irin waɗannan tambayoyi aka shiga imel ɗin Yahoo na 'yar siyasar Amurka Sarah Palin a 2008, kuma NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta ce a daina su tun 2017. In ya ƙi ji, ka nemo sunan makarantarsa a Facebook ka kai masa.