Neman shawara: fentin gwangwani yana ɓata mana rokokin yara

Malamin fasaha, wani ƙauye a gefen Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da yaran kulob ɗin JETS na makarantarmu, wato na kimiyya da ƙere-ƙere, muna haɗa rokoki iri biyu. Akwai ta nuni, wadda muke yi da bututun kwalin da ake naɗe yadi a kai, hancinta kuma da farin soson nan na cikin kwalin talabijin. Akwai kuma ta gorar lemo, wadda muke zuba wa ruwa kashi ɗaya bisa uku mu buga mata iska da famfon keke. Tashi kam tana tashi, alhamdulillahi. Fenti ne ya gagare mu. Farin da muka fesa wa ta kwali ya fito da kurzunu, in ka shafa sai ka ji kamar yashi. Washegari muka ɗora ja a kai, nan take ya tattare. Hancin kuwa narkewa ya yi ya lotse. A jikin gora kuma da farce ma ɓare fentin ake yi. Kuɗin gwangwanayen nan yaran ne suka yi karo-karo, shi ya sa abin ya dame ni. Ina kuskuren yake?

Mai fentin mota, Wudil:
Wa alaikumussalam Malam. Kafin komai, a ina kuka yi feshin, kuma da wane lokaci? In a fili ne cikin iskar hunturun nan, to ga amsar kurzunun. Iskar a bushe take ƙayau, fentin yana bushewa tun yana sama, sai ya sauka a matsayin gari, ga ƙura tana bin sa. Yara kuma tsoron zubewa yana sa su ja da baya sosai. Tazarar ta zama santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. A girgiza gwangwani minti biyu cur bayan an fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki. A fara dannawa a gefe, a wuce ta jikin rokar, a saki bayan an wuce. Shafi na farko ba a neman ya rufe, ko ana hango kwali a bar shi. Siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya.

Tattarewar kuwa lokaci ne. Washegari saman farin ya bushe amma cikinsa ɗanye ne, sai tinar da ke cikin jan, wato sinadarin da ke narkar da fenti, ta jiƙa shi ya kumbura. Yawancin irin wannan fenti ko dai ka ƙara shafi cikin awa ɗaya, ko ka haƙura sai bayan awa 48. Karanta bayan gwangwanin, don kowane kamfani da nasa. Kuma kada ka gauraya na kamfani biyu sai ka gwada a guntun kwali. Gorar kuma ka ɗan goge ta da sanfefa, fenti zai kama.

Malamar kimiyya, Kazaure:
Oga, duk abin da ka faɗa na yarda, ban da na ƙarshen. Don Allah Malam kada ka sa sanfefa a gorar da ake buga wa iska. Ita ce ke ɗauke da matsin iskar gaba ɗaya, kowane karce rauni ne, kuma yara ne ke tsaye a wurin. Ni ko fentin ma ban so a jikinta, domin yana ɓoye tsagewa, kuma duk bugu gorar tana ɗan buɗewa, fentin ya tsattsage. Ka yanko wata gora ko takarda mai kauri ka yi mata riga, rigar da fukafukai su sha fenti. Ka kuma lura kada fukafukan su yi nauyi, don nauyi in ya koma baya rokar wuntsilawa take yi a sama.

Hancin da ya narke, sinadaran da ke narkar da fentin ne, irin su asiton, suke cinye soson. Ka shafe shi da farin gam na kafintoci sau biyu ko uku, kowanne ya bushe, kada ka bar ko ƙofar allura. Kwalin ma yana son hakan, don shanye fenti yake yi.

Mai fentin mota, Wudil:
Gaskiyarki Malama, ni ƙarfe na saba da shi, ban yi tunanin iskar da ke ciki ba.

Wani uba, Gaya:
Nawa jan kunne ne. Da sanyin safe fentin yana kauri ya riƙa tofi, to kada wani yaro ya ce zai gasa gwangwani a bakin wuta ko ya bar shi a rana. Iskar da ke ciki mai kamawa da wuta ce, fashewa yake yi. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, ya isa. Kuma Malam ka tattara waɗanda suka ƙare da kanka, ka san yaranmu da fasa su don ciro ƙwallon.

Malamin fasaha:
Allah Ya saka da alheri. A filin ƙwallo muka yi, da sassafe. Sai mu koma cikin aji ke nan? Kuma wadda ta tattare, a jefar?

Mai fentin mota, Wudil:
A'a, kada ku rufe kanku a aji, warin yana illa ga ƙirji. Ku samu baranda inda gini ya tare iska, wajen hantsi. Ku yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ku sa rokar cikin babban kwali mai buɗaɗɗen gefe, a zura mata sanda a riƙa juyawa. In an gama a kifa gwangwani a danna har sai iska zalla ke fita, bakin ba zai toshe ba. Wadda ta tattare kuwa bar ta mako guda ta bushe har ciki, ka goge da sanfefa mai lamba 320 a bushe, ban da ruwa tunda kwali ce, sannan faraima siririya, wato fentin shimfiɗa da ake fara shafawa. Turo hoto kafin ka ɗora jan.