Jaririn da aka haifa da ƙulli a gadon baya: a yi tiyata yanzu ko a jira bayan suna?

Baban Ummi, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Daren jiya matar ƙanina ta sauka, an samu ɗa namiji, sai dai a ƙasan gadon bayansa akwai ƙulli kamar ƙwan kaza mai siririyar fata yana tsatsar ruwa, ƙafafunsa kuma ba sa motsi sosai. Likita ya ce a gaggauta tiyata, iyayenmu mata kuwa sun ce a bari sai bayan suna. Shin jiran yana da illa?

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ba shi lafiya. Wannan larura ita likitoci ke kira sifaina bifida. Tun a kwanaki 28 na farkon ciki ƙashin baya bai gama haɗewa ba, shi ya sa laka da jijiyoyi suka leƙo waje. Jiran kwana bakwai ganganci ne, domin ƙwayoyin cuta na iya bi ta wannan kafa su kai ga ƙwaƙwalwa su haddasa sanƙarau, kuma saboda haka ake so a rufe wurin cikin awa 48 zuwa 72. Kafin nan a kwantar da shi rub da ciki, kada a shafa masa komai, kada kuma wanzami ya taɓa wurin. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma ku gaya wa iyayen gaskiya: tiyatar tana kare jijiyoyin da suka rage ne, ba ta farfaɗo da waɗanda suka riga suka lalace.

Maman Sadiya, Hotoro:
Haka aka haifi 'yata. Bayan aikin sai kanta ya soma girma saboda taruwar ruwa, maɗiga ta kumbura, aka sa mata siririyar roba a ƙarƙashin fata da ke janye ruwan daga kai zuwa ciki. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne koyon cire mata fitsari da roba sau da yawa a yini, wanda in an yi sakaci da shi ƙoda ce ke taɓuwa. Yanzu tana zuwa Islamiyya da sandunanta.

Malama Hadiza:
Na manta ban ce ba, Malam: in mai jegon za ta sake ɗaukar ciki, ta fara shan ƙwayar folik asid, wani bitamin da ke rage haɗarin wannan larura, tun kafin cikin ya shiga, ba sai ta fara zuwa awo ba. Wadda ta taɓa haihuwar irin wannan jariri likita kan ba ta adadin da ya fi na sauran mata yawa sosai.