Wai me za mu kira chart na waƙoƙi da Hausa? Ni dai tsani ya kwanta min

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, satin nan kuma tura ta kai bango, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku mu yanke mata hukunci tare. Kalmar ita ce chart, irin na waƙoƙi, wanda ake jera su daga ta 1 har ƙasa gwargwadon yadda aka saurare su a sati. Na riga na fara tambaya, wasu daga cikinku sun kawo kalmomin da suke ganin sun dace, wasu kuma sun yi gyara a kan nawa, a nan zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda abin ya taso. Shekara uku ke nan duk ranar Juma'a nake zama in fitar da waƙoƙi 40 da na fi ji a satin, nawa ne ni kaɗai ba na gidan rediyo ba, manhajar Last.fm ke ƙirga min duk abin da na kunna a waya (shi sai ka ji rabin waƙa ko minti 4 kafin ya lissafa ta, ba kamar manhajar sauraron waƙa ta Spotify ba da daƙiƙa 30 ta wadatar), ni kuma in kwashe in zuba a littafi in sa koriyar kibiya ga wadda ta yi sama, ja ga wadda ta yi ƙasa. Juma'a na zaɓa don mujallar Billboard ta Amurka, mai fitar da irin wannan chart, ita ma daga Juma'a zuwa Alhamis take ƙirga satinta tun 2015. Duk bayanin da nake yi a gefe da Hausa nake rubuta shi, amma da na zo kan sunan abin kansa sai alƙalami ya tsaya, in rubuta chart in wuce raina bai so ba.

To satin nan waƙoƙin Kirsimeti sun fara shigowa, guda 6 a tashi ɗaya, komai ya hargitse, na so in yi bayanin abin da ya faru a layi uku kawai na ga rabin kalmomin Turanci ne. Abin ya dame ni sosai wallahi, don na san Hausa ba ta rasa kalmomin ba, mu ne ba mu zauna mun zaɓa ba.

Kafin wani ya ce a ari kalmar kawai a huta, ni ba na ƙin aro, ai rediyo da sitidiyo duk muna faɗa ba wanda ya mutu. Matsalar wannan ita ce in ka rubuta ta yadda muke furtawa cat za ta fito, kuma cat a bakin kowa yanzu hira ce ta WhatsApp. Ka ce wa mutum waƙar ta hau cat ɗina, zai ɗauka tura maka ita aka yi. Don haka aro ya faɗi tun a nan.

Yaya da kika ce jadawali, na gode, kuma na san shi ne abin da zai fara zuwa bakin yawancinmu, ni ma da shi na fara a shekarar farko. Abin da ya sa na bar shi: jadawali abu ne da ake tsarawa tun kafin lokaci ya zo, jadawalin jarrabawa, jadawalin wasanni, an riga an san Litinin kaza Talata kaza, kuma ba ya motsi sai in an samu matsala. Wannan kuwa sai sati ya ƙare ake sanin yadda ya kasance, motsin kuma shi ne duk daɗin abin. Gwada faɗa da baki ki ji, "waƙar ta hau jadawali da mataki 5", jadawali ai ba a hawansa. In kalma ba ta karɓi hawa da sauka ba to ba ta yi mana aikin ba.

Jeri kuma an riga an kama shi. Jerin waƙoƙi shi ne wanda kake haɗawa da hannunka don tafiya ko motsa jiki, ta farko a ciki ba ta fi ta goma da komai ba, kai ka ga damar sa ta a nan. A bar wa wancan sunansa kar mu haɗa su faɗa.

Malam da ka kawo tebur, gaskiya taka ce ta fi ba ni wahala, sai da na kwana ina juya ta. Hujjarka mai ƙarfi ce, duk mai sauraron labarin wasanni ya san teburin Firimiya, ya san saman tebur da ƙasan tebur, ba sai an yi wa kowa bayani ba, kuma ana cewa ƙungiya ta yi sama ta yi ƙasa. Amma duba bambancin nan. A tebur maki taruwa yake yi, abin da ka ci a watan Agusta yana nan a aljihunka har Mayu, ƙungiyoyi 20 ɗin nan kuma su ne dai daga farkon kaka har ƙarshe, ba wadda za ta faɗo daga sama a tsakiyar Disamba ta zauna a ta 3. A namu kuwa duk Juma'a sharewa ake a fara daga sifili, waƙar da na ji sau 30 a satin jiya in ban kunna ta ba satin nan ba ta da komai, kuma baƙuwa tana iya shigowa ko yaushe. Tebur zai dace da lissafin ƙarshen shekara irin wanda Spotify ke fitarwa, inda aka tara na wata da watanni. Na sati-sati kam a'a, ina ganin zai sa mai karatu ya ɗauka tarawa ake.

Sahu ma an ambata. Ina son kalmar amma mutanen da ke sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa suke, ba wanda ya fi wani. Sai dai kar mu yar da ita, goman farko mu ce musu sahun gaba, wannan ya zauna daidai, "ta shiga sahun gaba" ba wanda zai tambaye ka me kake nufi.

Ni abin da nake kawowa shi ne tsani. Tsanin waƙoƙi. Tsanin mako in na sati ne, tsanina in nawa ne na kaina. Dalili, duk kalmomin da muke buƙata suna biye da shi ba sai mun ƙirƙiro ba: ana hawa, ana sauka, akwai mataki na 1 har na 40, akwai ƙololuwa, ana tsallake mataki, ana zamewa, ana faɗowa gaba ɗaya, kuma mataki ɗaya ƙafar mutum ɗaya yake ɗauka. Ka ce waƙa ta yi sati 4 a ƙololuwar tsani, ko tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Billboard ba ta gane wannan waƙar ita ce a sama.

Ɗan'uwa da ka ce ai a tsani mutum da ƙafarsa yake sauka, alhali waƙa tana iya yin ƙasa ba tare da an rage jin ta ba, wannan magana taka ita ce ainihin abin da ya faru da ni satin nan, bari in ba ka misalin. Akwai waƙar da take mataki na 4 a satin jiya, na ji ta sau 19. Satin nan ma sau 19 cif, ko ɗaya bai ragu ba, amma da na jera sai ga ta a mataki na 9, saboda biyar daga cikin waƙoƙin Kirsimetin nan sun shigo sun zauna a samanta. Ban gaji da ita ba, ba ta yi laifin komai ba. Da na sa mata jar kibiya sai da na ji ba daɗi don kibiyar ƙarya take yi mata. To a nan ne ma na ga Hausa ta fi, a Turanci kalma ɗaya ake sa wa duka biyun, mu kuwa muna da biyu: wadda aka rage ji ta sauka, wadda aka shigo aka danne kuma an ture ta. Tsani bai hana wannan ba, ai ana ture mutum a kan tsani. Daga yau a littafina alama biyu zan riƙa sawa, kuma a Disamba na tabbata turewa za ta fi sauka yawa nesa ba kusa ba.

Sai babbar rigimar, su waɗannan waƙoƙin da ke dawowa duk shekara me za mu ce sun yi? Don ba sababbi ba ne. Ku duba na Amurka ku gani, Hot 100 na Billboard, wato tsaninsu na waƙoƙi 100, tun 1958 ake yin sa, kuma da can tsohuwar waƙa ba ta da izinin komowa, sai a 2012 aka sassauta aka ce in ta yi ƙarfin shiga cikin 50 na sama to ta shigo. Da sauraro ta intanet ya yi yawa sai abin ya zama ambaliya duk Disamba. Waƙar Kirsimetin Mariah Carey a 1994 ta fito, ba ta taka ƙololuwa ba sai Disambar 2019, shekara 25 ke nan. Ta Brenda Lee ta fi ban mamaki, tana 'yar shekara 13 ta rera ta a 1958, ta kai mataki na 1 a Disambar 2023 tana da shekara 78 a duniya. Irin waɗannan ba za ka ce musu sabuwar shiga ba, sabuwar shiga sai wadda ba ta taɓa taka tsanin ba.

Ni kome na so mu ce. Ta yi kome. Na san wasu za su ce kalmar ta zaman aure ce, matar da ta fita ta dawo ɗakinta, kuma Hajiya kin faɗa cewa ba kya son a ja ta zuwa wajen waƙa, na ji kuma na girmama hakan. Amma asalinta daga komawa ne, kuma ma'anar ta yi daidai ƙwarai, wadda ta taɓa zama a wurin ta tafi ta dawo. Dawowa kalma ce mai faɗi da yawa, waƙar da ta sauka mataki 2 ta sake hawa ma ai ta dawo. Kome kuwa sai an fita gaba ɗaya tukuna. In ya yi wa mutane nauyi sai mu ce komowa, ba zan yi jayayya a kan wannan ba, amma ni a nawa littafin kome zan rubuta.

Su kansu waƙoƙin kuma kar a ce waƙoƙin biki don Allah, kowa aure zai kawo a ransa. Waƙoƙin hutu ma bai fito ba, kamar na kwantar da hankali ne. In na Kirsimeti ne a ce na Kirsimeti kai tsaye. In kuma sunan jinsinsu ake nema, duk waƙar da lokaci ke kawo ta lokaci ke mayar da ita, wani bawan Allah ya ce 'yan ci-rani, kuma wallahi tun da na karanta nake murmushi don ya dace, suna zuwa a ayari, su cika wuri, lokaci na yi su tattara su tafi, baɗi war haka kuma ga su. Ba waƙoƙin yayi ba ne, yayi in ya wuce ya wuce ke nan.

Tafiyar tasu ma abin kallo ce, ba sa sauka mataki-mataki kamar sauran. A Janairun 2020 waccan waƙar ta Mariah Carey daga mataki na 1 ta ɓace daga Hot 100 ɗungurungum a sati ɗaya. Nawa ma haka yake yi duk satin farko na Janairu, sai ka ga wurare 10 ko fiye sun buɗe lokaci guda, waɗanda aka ture tun Nuwamba su yi ta hawa da koriyar kibiya alhali ba a ƙara jin su ko sau ɗaya ba. Wannan ɓacewar ita ce faɗowa, ta faɗo daga tsani, daban da sauka. Hawan da ba ƙarin sauraro a cikinsa kuma har yanzu ina neman sunansa, "ta samu sarari" nake rubutawa kafin a samu wadda ta fi, mai shawara ya kawo.

Wadda ba ta motsa ba ba sai an wahala ba, tana nan daram.

Mutum biyu sun ce matakala ta fi tsani don ta fi faɗi kuma ta fi ƙarfi. Na duba, ma'ana kusan ɗaya ce, sai dai matakalar waƙoƙi ta yi tsawo a baki kuma tana karo da mataki, "mataki na 7 a matakala" ka ji yadda harshe ke sarƙewa. Tsani gajere ne, gaɓa biyu, yana shiga kanun labari ba wahala. Yawancin waɗanda suka yi magana ma tsanin suka bi, har da Malam mai tebur da ya ce ya yarda in dai za a bar masa tebur a lissafin shekara, kuma an bar masa.

Ga yadda na sake rubuta bayanin satin nan, ku karanta ku ji ko akwai inda ya yi tuntuɓe:

Tsanin mako, satin farko na Disamba. 'Yan ci-rani 6 sun shigo, 5 kome ne, 1 sabuwar shiga. Biyar sun wuce kai tsaye sahun gaba. Ta ƙololuwa tana nan daram sati na 3, amma tazarar da ke tsakaninta da ta 2 saura sauraro 2 kacal. An ture waƙoƙi 14, guda 7 sun sauka da kansu, 6 sun faɗo daga tsani, cikinsu har da wadda ta yi sati 22 a kai.